Ambaliyar da Na Jawo wa Lambun Baba a Faisal

Shekarun baya, tun gemuna bai isa a sa masa mataji ba, na taɓa haddasa ambaliya a garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba. Duk wanda na ba labarin sai ya ce na cika ƙari. To, yau ga shi tiryan-tiryan, ku yi mini alƙalanci.

Lokacin ina karatu a Alƙahira. Na daɗe a unguwar Abbasiya cikin 'yan'uwa ɗalibai, sai da na yi aure na ɗauko matata daga gida sannan na koma unguwar Faisal, don can haya ta fi sauƙi. Gidan da muka kama yana can ciki, nesa da babban titi da ihun masu mikrobas, ƙananan motocin hayar can, a wani lungu da ya ƙare a bakin tur'a. Tur'a hanyar ruwa ce da aka haƙa tun wurin yana gonaki, tana ɗauko ruwa daga kogi ta kai wa manoma. Gari ya zo ya cinye gonakin, ita kuma ta zama bola. Leda, kwalabe, tsofaffin katifu, har kujerar mai aski na taɓa gani a ciki. Wani lokaci nakan ga baƙin ruwa ya taso daga ƙarƙashin sharar ya kwanta, sai na ɗauka ruwan wanke-wanken gidaje ne. Ban taɓa tambayar kowa ba.

Mai gidan da muke haya wani dattijo ne Bamisire. A gabansa Ammu Hajji, wato Baffa Alhaji, nake ce masa, amma ni da matata Baba muke kiransa, kuma ya ci sunan. A jikin gidan akwai wani siririn lambu da ya bi gaɓar tur'ar, an kewaye shi da tsohuwar katangar laka. Dabino ne a ciki, da gwaiba, da wata bishiyar lemun tsami guda ɗaya da Baba yake ji da ita. Lambun wakafi ne. Kakansa ne ya tsayar da shi da sharaɗin ba a sayarwa, ba a gado, abin da ya nuna kuma na maƙwabta ne da masu wucewa. Baba shi ne mai kula da wakafin. Bakin da ruwa yake shiga lambun daga tur'a ya toshe tun shekaru, don haka kullum da safe za ka ga tsoho da bokiti yana ɗibo daga famfon gida, yana bin bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. In ba ni da darasin safe nakan karɓe shi, ba don na fi kowa kirki ba, sai don yana ba ni shayi mai na'a-na'a da labarin da ba ya ƙarewa.

Wata safiya cikin sanyi na sauko na tarar bai ɗauki bokitin ba. Yana zaune a kan benci da takarda a hannu. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta, ya ibni, ɗana, idona ya gaji."

Takardar daga hukumar gari take. An yanke shawarar a sa manyan bututu a tur'ar, a rufe ta da kankare, a mayar da saman tashar mikrobas. Kwamiti zai zo duba wurin mako mai zuwa.

Ni da wautata na ce, "Ai ko ba komai za mu huta da wari, Ammu Hajji."

Ya dube ni irin duban da ake yi wa yaron da ya yi magana cikin manya. Ya ce, "Kana tsammanin bokitina ne yake riƙe da dabinon nan? Saiwarsu a ƙarƙashin tur'a take sha. Ranar da aka zuba kankare, ranar za su fara mutuwa. Kakana ya bar wa babana lambu, babana ya bar mini lambu, ni kuma zan bar wa 'yata itacen girki."

Na tambaye shi me ya hana a yashe ta kawai. Ashe tsohuwar rigima ce. Cikin tur'a na hukuma ne, gaɓarta ta wakafi ce. Hukuma ta ce motar haƙa ba ta da ta inda za ta shiga sai ta katangar lambu, domin ɗaya gefen gidaje ne reras. Baba kuma ya ce ko taƙi ɗaya ba zai bayar ba, tunda ƙasar ba tasa ba ce, kuma ya ga wuraren da motar hukuma ta shiga ba ta sake fitowa ba. An yi ta musayar takardu har aka gaji. Shara kuwa ba ta jira kowa ba.

A nan ne fa ɗan'uwanku ya ji ƙirjinsa ya cika. Ni ɗan masu lambu ne. A garinmu duk shekara da rani ake kiran gayya a yashe hanyar ruwan fadama, a ci tuwo, a watse kafin la'asar. Na ce a raina, mutanen nan da injinansu da hatiminsu sun kasa abin da ƙauyenmu yake yi da fartanya. In kwamiti ya zo ya tarar da tur'a tas, da wane baki zai ce a rufe ta? Sai kuma aka yi dace, ko in ce rashin dace, Baba ya tafi ƙauyensu ta'aziyya na kwana biyu. Na ce madalla, ba-zata zan yi masa.

Na kira abokina, wani Badamagare da ke zaune a unguwar Hayyin Ashir, mutum mai sanyin hali da ba ya taka ƙasa sai ya duba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ka gaya wa mai lambun?"

Na ce, "In na gaya masa ina ba-zatar?"

"To hukuma fa?"

"Hukuma ce ta zuba sharar da za mu nemi izininta?"

Sai ya ce, "Za a yi shinkafa da wake?" Na ce da mai da yaji. Ya ce khalas, shi ke nan, zai zo da mutane.

Wallahi har gobe ina alfahari da ranar nan, duk da abin da ya biyo bayanta. Tun da hantsi 'yan'uwa suka fara sauka daga mikrobas, wasu daga Abbasiya, wasu daga Hayyin Ashir, 'yan Najeriya da 'yan Nijar har da Hausawan Sudan. Mutanen da ka saba gani da farar jallabiya da littafi a hammata, ga su sun naɗe ƙafar wando. Mun yi aron shebur da kwanduna a wurin masu gini. A kwanakin tur'ar ta bushe ƙayau, sai taɓo a ƙasa, muka faɗa ciki. Ana aiki ana tsiya. Bakano yana ce wa Bazazzage ya riƙe shebur kamar alƙalami, Badamagare yana cewa duk ku biyun ragwaye ne. Misirawa suka fito baranda suna kallon ikon Allah. Wani mai shago ya aiko mana da shayi, ya ce bai san me muke yi ba amma Allah ya taimaka. Matata da matan abokai biyu suka sauke tukwane, muka ci a gindin katanga da hannuwan da sai da muka wanke su sau uku.

Kafin la'asar mun yashe tun daga farkon lambun har ƙarshensa. Ƙasan tur'ar ya fito, har wasu tsofaffin duwatsu da aka jera a gefe suka bayyana. Sai matsala ta taso: ina za a kai sharar? A lambu ba dama, na san halin Baba. A kan titi masu shaguna sun ce ba a ƙofarsu ba. Sai na yanke hukunci irin na shugaban gayya, na ce a tara ta a cikin tur'ar, can ƙarshe, dab da kwalbatin da ya bi ta ƙarƙashin titi. Gobe ko jibi sai mu nemi masu keken jaki su kwashe. Muka tara tsibi ya fi tsayina.

Abokina ya matso ya ce, "Malam, da mun nemi masu keken nan yau. Ba na son shara ta kwana a hanyar ruwa."

Na ɗaga kai na nuna masa sama. Ko ɗigon gajimare babu. Na ce, "Kai da ka shekara biyar a garin nan, sau nawa ka ga hadari? Rafi da rani ai hanya ce. Ruwan daga ina zai zo?"

Wata tsohuwa da ke baranda tun safe ta leƙo ta ce, "Ya Shehu, kun yi magana da mai ƙofa?"

Ban san wace ƙofa take nufi ba. Amma ɗalibin jami'a, kuma shugaban gayya, ba ya cewa bai sani ba a gaban jama'arsa. Na ɗaga mata hannu na ce, "Tamam, ya Hajja, komai daidai." Na sallami mutane, na hau sama na yi wanka, na kwanta ina ta tsara irin fuskar da Baba zai yi.

Washegari bayan gari ya waye ina shan shayi, matata ta tsaya a taga ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta ce, "Malam, zo ka ga raninka."

Abin da ban sani ba, wanda kowane yaro a lungun ya sani, shi ne a Masar ruwan tur'a ba ya jiran damina. Ƙofar ƙarfe ce can sama, da ma'aikacin da yake buɗewa da rufewa bisa tsari. Bushewar da na gani, rufewar sanyi ce da ake yi duk shekara don gyara, kuma a safiyar nan wa'adinta ya cika. Da can in an buɗe, ruwan sai ya yi ta lallaɓawa ƙarƙashin shara. Yau kuwa mun share masa hanya. Ya taho da gudunsa ya kwashi tsibin nan gaba ɗaya ya danna shi a bakin kwalbati, ya toshe shi ruf. Da ya rasa hanya sai ya hau. Kafin in sa takalmi ya jiƙa gindin katangar lakar nan, wani ɓangare nata ya zube, baƙin ruwa da leda suka kwarara cikin lambu. Sauran ya malala kan titi, mikrobas suka tsaya cirko-cirko, direbobi suna zagin wanda ba su sani ba. Ni ne wanda ba su sani ɗin.

Na shiga ruwan har gwiwa ina jan katifa da hannu. Na kira abokina ya zo, bai ce mini "na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Wani ya buga waya aka rufe ƙofar daga sama, amma kafin ruwa ya janye lambun ya zama abin tausayi. Lemun tsamin nan na Baba, da yake dab da inda katanga ta faɗi, laka ta danne shi ya karye daga gindi. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Wajen azahar Baba ya dawo. Ya sauka daga tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, da 'yar jakarsa ya tsaya a inda katanga take a da. Bai yi faɗa ba. Ya taka cikin taɓon da takalminsa na zuwa unguwa, ya je ya dafa karyayyen lemun. Na bi shi a baya. Na ce, "Ammu Hajji, ni ne. Na so in taimake ka."

Ya ce, "Na sani. Babu Bamisiren da zai yi wannan." Ya ƙara da cewa, "Yanzu ka ba su hujjar da suka daɗe suna nema."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kwamitin da aka ce sai mako mai zuwa, ambaliya ta kawo shi a ranar. Shugabarsu wata injiniya ce, mace mai matsakaicin shekaru, da takalmin ruwa da fuskar da ba ta gayyatar wasa. Ta dubi titi, ta dubi kwalbati, ta ce, "Wa ya tara wannan a nan?"

Abokina ya taɓa ni a gwiwar hannu, wai in yi shiru. Amma Baba yana tsaye, kuma na san in na noƙe a kansa abin zai faɗa. Na fito tsamo-tsamo na ce, "Ni ne, ya bash-muhandisa," wato babbar injiniya.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Daga ina ka samo sharar?"

Na nuna mata tur'ar. Sai ta bi gaɓa tana tafiya a hankali har farkon lambun, ta dawo. Ruwan da ya rage a inda muka yashe ya kwanta, ana hango duwatsun nan a ƙasa. Ta ce, "Da wace mota kuka haƙa?"

"Babu mota. Da hannu ne."

"Nawa aka biya ku?"

Na ce ba a biya, gayya ce. Na yi mata bayani da guntun Larabcina na littafi: a garinmu in aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai ya kira jama'a, ya ciyar da su, gobe shi ma a kira shi. Ta ce, "Kuma a garin naku ba a tambayar yaushe ruwa zai zo?" Na ce a garinmu sama ake kallo. Wani daga cikin kwamitin ya tuntsire da dariya, ita ma na ga ta danne tata.

Sai ta juya wurin Baba, muryarta ta sauko. Ta ce, "Ya Hajji, ni ba na son rufe tur'a. Duk wadda na rufe, bayan shekaru sai ta toshe a inda ba mai iya gani. Amma ba ni da hanyar shigar da mota, ba ni da inda mutane za su zuba shara in na hana su nan. Sau nawa muka rubuto maka?"

Baba ya ce, "Ƙasar wakafi ce, ya binti, 'yata. Ba tawa ba ce balle in bayar."

Nan na ga dama ta samu in wanke kaina da ilimi. Na gyara murya na fara jawo abin da malamai suka ce game da mai kula da wakafi da maslahar wakafi. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba Baba ya ce, "Ya Shehu, ka yi aikinka na yau, ya isa." Na ja bakina na tsuke.

Injiniyar ta ce, "Ban ce ka bayar ba. Ƙasa tana nan taka, da sunan wakafi. Ƙofa kawai nake so a katanga, mabuɗi a hannunka. Mota ta shiga ta yi aiki ta fita, ka kulle. Ka ba mu aron kusurwa ɗaya ta wajen titi mu ajiye tankunan shara. Ni kuma in rubuta cewa wannan yankin yana shayar da ƙasar noma, kuma akwai masu kula da shi. In ka yarda, zan kai maganar sama. Ban yi maka alkawarin za su karɓa ba."

Baba ya daɗe yana kallon giɓin da ruwa ya yi. Sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina tsare katangar nan kada hukuma ta rushe ta, sai ga ɗan haya ya rushe mini ita da kyakkyawar niyya." Ya share fuskarsa da gefen rawani. "A rubuta. Amma a rubuta cewa mabuɗi ɗaya ne."

Kada ku ɗauka daga nan aka tashi aka yi biki. An ɗage aikin rufewar ne kawai zuwa wani lokaci, mu kuma muka shiga zarya. Ofis ya tura mu ofis, wannan ya ce sai hatimin wancan, wancan ya ce mai hatimin ya fita, ku dawo gobe. Kalmar ma'alish, wato a yi haƙuri, na ji ta har ta daina yi mini ma'ana. Ni ne mai riƙe wa Baba jakar takardu, don na ga ba ni da wata hanyar biyan lemun tsaminsa. A mikrobas ba ya yi mini magana sosai a farko. Sai wata rana, muna tsaye a layi, ya ɓare gyaɗa ya zuba mini rabi a hannu, na san an fara yafe mini.

Injiniyar nan kuwa ta koya mini abin da gayyar garinmu ba ta koya mini ba. Wata ranar Asabar sai ta ce mu biyo ta. Muka bi tur'ar a ƙafa muna haurawa sama, ni da ita da Baba da sandarsa. Ta nuna mana lungunan da suke juye shara, da bututun wani wurin wankin mota da yake tsiyaya a ciki, da wata 'yar kasuwa da duk ɓawon kayan miyarta a nan yake ƙarewa. Ta ce, "Kun wanke ƙafa kun bar kai da datti. Duk abin da aka zuba a nan, gobe yana ƙofar Hajji." A can ƙarshe muka iske ƙofar ƙarfen da mai tsaronta, wani mutum mai fara'a. Da aka ce masa ni ne, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce ya daɗe yana son ganin mutumin. Ya rubuta mini ranakun buɗewa da rufewa a bayan kwalin shayi.

Baba da kansa ya bi limaman masallatan lungunan da masu shaguna. Abin da takarda ba ta yi ba, tsufansa ya yi, don da wuya ka sami wanda bai taɓa cin dabinon lambun nan ba a unguwar. Hukuma ta sa ragar ƙarfe a sama tana tare shara, ta rufe bututun mai wankin mota, ta kawo tankuna. Wakafi ya buɗe ƙofa ya ba da kusurwa. Ranar da takardar ƙarshe ta fito, wadda ta ce an cire yankinmu daga aikin rufewa muddin ɓangarorin biyu suna cika abin da suka ɗauka, Baba ya sa na karanta masa ita sau biyu, sannan ya naɗe ta ya sa a aljihun ƙirji.

Da sanyi ya zagayo aka sake rufe ƙofar ruwa, muka kira gayya ta biyu. Wannan karon na je wurin mai ƙofa da ƙafata, na tambaya, na sake tambaya, har ya ce in ƙyale shi ya sha shayinsa. Muka fara daga sama muka gangaro. Motar haƙa ta shiga ta ƙofar Baba tana kwasar mai nauyi, motar shara tana tsaye a titi, ko leda ɗaya ba ta kwana a tur'a ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Masu barandar nan sun sauko. Direbobin mikrobas da suka zage ni wancan karon, biyu daga cikinsu sun riƙe kwando. An haɗa tukunyar shinkafa da wake da tiren koshari, dafa-dukan Misirawa, a tabarma ɗaya, kowa yana cewa na wancan ya fi yaji. Tsohuwar nan ta baranda ta aiko mini da tambaya ko na yi magana da mai ƙofa, duk lungun aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Ranar da aka sako ruwa, muna tsaye a gaɓa tun da sassafe. Ya taho a hankali, ba baƙi ba, ruwan ƙasa-ƙasa irin na kogi, ya wuce ta kwalbati ba tare da ya tsaya ba. Baba ya ɗauki fartanya ya sare bakin da ya toshe shekaru, ruwa ya karkata ya shiga lambu. Sai ya bi shi. Ruwa na tafiya a 'yar hanyarsa, tsoho na biye da shi taku-taku, daga wannan dabino zuwa wancan, har gwaibar ƙarshe. A can ya tsuguna, ya sa tafin hannunsa a ciki ya bar shi. Ba wanda ya je kusa da shi. Ni dai na juya baya na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido, abokina kuma ya yi mini kara ya kau da kai.

Na gama karatu na dawo gida shekaru da suka wuce. In na tuna abin nan, dariya nake fara yi, sannan in ji wani daɗi da ban iya kwatanta shi. Na koyi cewa ƙarfin jama'a alheri ne, amma in ba tambaya a gabansa ɓarna yake yi da sauri fiye da mutum ɗaya. Na kuma ga yadda mutum biyu masu gaskiya za su shekara suna jan igiya, kowa yana tsare amanarsa, abin da suke tsarewar yana ruɓewa a tsakaninsu. Har yau in na je sabon wuri na ji bakina yana ƙaiƙayin cewa "ai a garinmu", sai in haɗiye in fara tambaya. Matata ta ce ba kullum nake haɗiyewar ba.

'Yan'uwa ɗalibai sun riƙe gayyar, duk sanyi suna zuwa, har waɗanda ba su san ni ba. An rufe wasu tur'o'in a unguwannin kusa, tamu tana nan a buɗe.

Bara Baba ya rasu. 'Yarsa, wadda ita ce mai kula da wakafin yanzu, ita ta kira ni ta faɗa mini. Na yi mata ta'aziyya, na tambaye ta ko ya sha wahala. Ta ce a'a. Ta ce da ƙafa ta gaza, sai ya sa aka sauko da gadonsa ɗakin ƙasa, jikin tagar da ke kallon lambu, kuma ya haddace ranakun ruwa ya fi mai ƙofar. Ran da ba ruwa sai ya yi ta barci. Ran da akwai, tun asuba zai ce a buɗe masa taga.

Na ce, "Ranar da ya cika fa?"

Ta ce, "Ranar ruwa ce, ya Shehu. Taga a buɗe take."